An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Sola, Layin Wuta da Laifin da Ake Ɗora wa Rana

Ranar Lahadi, 31 ga Disamba 2023, da misalin ƙarfe ɗaya da rabi na rana, wani abu ya faru a jihar Kudancin Ostireliya wanda injiniyoyin da suka shimfiɗa layukan wutarta ba su taɓa tanadar masa ba. Ranar hutu ce, sama garau, ba zafi mai tsanani, masana'antu a rufe. Faifan sola da ke bisa rufin gidaje da shaguna suka samar da wutar da ta zarce abin da jihar baki ɗayanta take sha a wannan lokaci. Buƙatar da ta rage wa manyan tashoshi ta sauka har ƙasa da sifiri, da kimanin megawat 26. Jiha mai mutane kusan miliyan biyu ta wayi gari rufin gidajenta sun zama babbar tasharta.

Wuta ba ta ɗauke ba. Taransifomomi ba su yi ta fashewa a unguwannin Adelaide ba, talabijin da firij ba su ƙone ba. Aka tura rarar wutar zuwa jihar Biktoriya da ke maƙwabtaka, rana ta yi sanyi, al'amura suka koma yadda aka saba.

Ya kamata a riƙe wannan rana a zuciya duk lokacin da wani kamfanin rarraba wuta ko wani minista, a kowace ƙasa, ya fito yana cewa solar kan rufi barazana ce ga layi, don haka a hana ta, ko a ɗora mata haraji, ko a karya farashin wutar da take bayarwa. Haɗarin da suke ambatawa gaskiya ne, kuma duk mai musunsa yana cutar da solar da yake iƙirarin karewa. Sai dai haɗari ne da aka san asalinsa, aka san maganinsa, aka kuma gwada maganin ya yi aiki. Inda ya zama bala'i, in an bi sawu, akan iske ƙa'idar da aka rubuta da ganganci, ko gyaran da aka ƙi yi, ko hukumar da ta yi barci. Ɗora wa magidanci laifi saboda ya sayi faifan sola shi ne barin jaki ana dukan taiki.

Haɗarin ba ƙage ba ne

An gina layukan wuta na duniya bisa zato guda: wuta tana fitowa daga babbar tasha, ta bi manyan turaku, ta sauka a taransifomar unguwa, ta shiga gidaje. Hanya ɗaya take bi, kamar ruwan famfo da ke gangarowa daga tankin gari. Kuma kamar ruwan famfo, matsinta yana raguwa yayin da take nisa da tushe. Gidan da ke jikin taransifoma yana samun matsi mai ƙarfi, na ƙarshen layi yana samun mai rauni. Wannan matsi shi ake aunawa da bolt, kuma a Ostireliya, kamar a Najeriya da Turai, ma'aunin gida bolt 230 ne. Ƙa'idar Ostireliya ta yarda ya hau zuwa 253, ya sauka zuwa 216.

Sola ta juya wannan tsari. Inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar faifan sola irin wadda gida da layi suke amfani da ita, ba za ta iya tura wuta waje ba sai ta ɗaga matsinta ya ɗara na layin kaɗan, kamar yadda ruwa ba ya shiga bututun da ya fi shi matsi. Gida ɗaya ba ya canza komai. Amma in gidaje hamsin a titi guda suna turawa tare, kowanne yana ƙara nasa, matsin titin gaba ɗaya sai ya hau, kuma ya fi hawa a ƙarshen layi, inda waya ta fi tsawo ta fi siranta. In ya daɗe a sama, kayan wuta suna shan wahala, ƙwayayen fitila da injinan firij suna saurin tsufa, inbatocin kuma su riƙa rage aiki ko su kashe kansu don kariya.

Akwai wani abu da ya fi wannan dabara. Masu tsara layi sun dogara da cewa mutane ba sa kunna komai a lokaci guda. Wannan tana guga, wancan yana barci, wani ya tafi kasuwa. Shi ya sa taransifomar da ke ɗauke da gidaje ɗari ba a yi ta don ɗaukar nauyin duk kayan gidajen ɗari a tare ba. Rana kuwa ba ta san wannan rabon lokaci ba. In ta take, ta take a kan kowane rufi. A ƙaddara gidaje ɗari, kowanne da sola mai kilowat 5: da tsakar rana kilowat 500 ke nan suke neman mafita, a daidai lokacin da masu gidajen suke wurin aiki. Taransifomar da aka yi don wuta ta gangaro ta cikinta sai ta koma ɗaukar kaya zuwa sama, wani lokaci fiye da abin da ta taɓa ɗauka zuwa ƙasa.

Haɗari na biyu ya shafi layin ƙasa dungurungum. Wutar layi tana da bugu kamar na zuciya, sau 50 a kowace daƙiƙa, kuma dole abin da ake samarwa ya yi daidai da abin da ake sha a kowane lokaci. In samarwa ta yi yawa bugun ya ƙaru, in ta gaza ya ragu. Manyan injinan tashoshin ruwa da gas da kwal, saboda nauyin ƙarfen da ke juyawa a cikinsu, suna jinkirta wannan sauyi, su ba masu kula da layi 'yan daƙiƙu su gyara. Idan sola ta ture waɗannan injina gefe da rana, layin ya rasa wannan nauyi. In kuma wata tangarɗa ta sa dubban inbatoci suka kashe kansu a lokaci guda, tamkar babbar tasha ce ta faɗi ba tare da sallama ba.

Na uku shi ne mafi kusa da rai. Idan wuta ta ɗauke, ma'aikaci ya hau falwaya yana zaton waya a mace take, alhali wani gida yana ci gaba da tura mata wuta, to mutuwa ce ke jiransa. Don haka ƙa'idojin duniya suka wajabta wa duk inbatar da ke haɗe da layi ta daina turawa cikin daƙiƙa biyu da ɗaukewar wuta.

Sai kuma wani rikici na suna da ya kamata a warware. Abin da jama'a suke kira “wuta ta zo da ƙarfi”, wanda kan ƙone talabijin cikin ƙiftawar ido, yawanci daga tsawa yake zuwa, ko daga dawowar wuta bayan ɗaukewa, ko daga tsinkewar wayar da ke daidaita layuka ukun taransifoma, abin da kan iya jefa wa gida matsin da ya kusa bolt 400. Solar da aka haɗa bisa ƙa'ida ba ta yin wannan. Nata laifin hawan matsi ne a hankali, na 'yan bolt, mai aunuwa, mai gyaruwa. Masu cakuɗa biyun, ko dai ba su sani ba, ko kuma tsoron da cakuɗawar ke haifarwa yana yi musu amfani.

Wa ya ɗaga matsin tun farko?

Shekaru da dama kamfanonin rarraba wuta a Ostireliya suna nuna yatsa ga sola duk lokacin da aka yi kukan hawan matsi. A 2020 masu bincike na Jami'ar New South Wales suka duba bayanan dubban gidaje, suka iske matsin a wurare da yawa yana kusa da iyakar sama ko da tsakar dare, lokacin da babu faifan sola ko ɗaya da ke aiki. Dalilin a fili yake. Ƙasar ta sauya ma'auninta daga bolt 240 zuwa 230 tun shekarar 2000, amma taransifomomi masu yawa an bar su a saitinsu na da. An kuma saba ɗaga su da gangan saboda yammacin bazara, lokacin da kowa ke kunna na'urar sanyaya ɗaki matsi ya faɗi. Layin da aka riga aka ajiye a bolt 248 ko 250, 'yan bolt kawai sola za ta ƙara masa ya haura iyaka. Tulu ne da aka cika har baki, sannan aka zargi ɗigon ƙarshe da jiƙa ɗaki.

Maganin wannan, a wurare da yawa, bai wuce ma'aikaci ya je ya sauke saitin taransifoma ba. Amma kafin a yi haka sai an san matsin da ke titin, kuma gaskiyar da ta fito ita ce kamfanonin ba sa ganin abin da ke faruwa a ƙananan layukansu. Sun shafe shekaru suna sayar da wuta ba tare da auna yadda take isa gidaje ba. Sola ta tona wannan makanta, ba ita ta haife ta ba.

Jamus ta ba da misali mafi bayyana na yadda ƙa'ida da kanta take ƙera haɗari. A tsakiyar shekarun 2000, lokacin da sola ba ta taka kara ta karya ba, an wajabta wa ƙananan inbatoci su yanke kansu nan take da zarar bugun layi ya kai 50.2. A lokacin hikima ce: ƙaramin abu ya kauce, manya su gyara. Cikin 'yan shekaru sola ta yawaita har ta kai dubban megawat, dukkanta da wannan umarni guda. Ajiyar gaggawa ta layin Turai kuwa an tsara ta ne don jure asarar megawat 3,000 a lokaci ɗaya. Ke nan da bugun ya taɓa 50.2 a wata rana mai haske, da wutar da ta zarce wannan ajiya nesa ba kusa ba ta ɓace cikin daƙiƙa. Magidantan Jamus ba su aikata komai ba face bin dokar da aka ba su. A 2012 gwamnati ta kafa sabuwar doka, aka bi sama da na'urori 300,000 ana sauya musu saiti, domin su riƙa janyewa a matakai daban-daban maimakon su faɗi tare. An kashe kuɗi, an ɗauki shekaru, amma ba a hana kowa ɗora sola ba. Da aka yi husufin rana a 20 ga Maris 2015, hasken ya ragu ya dawo cikin sa'o'i kaɗan, layin Jamus ya tsaya daram, domin an yi shiri tun da wuri.

Hatta duhun da ya rufe Sifaniya da Fotugal ranar 28 ga Afrilu 2025, wanda masu adawa da sola suka yi wa rawa tun kafin a kunna fitila, bai ba su abin da suke so ba. Gaskiya ne hawan matsi ne ya kayar da layin, kuma gaskiya ne sola ce ke ɗauke da kaso mafi girma a wannan tsakar rana, ko da yake yawancinta manyan gonakin sola ne. Amma rahoton gwamnatin Sifaniya na watan Yuni ya nuna cewa ba a tanadi isassun tashoshin da ke daidaita matsi a ranar ba, kuma wasu daga cikin waɗanda aka tanada, ake biyansu don wannan aiki, ba su yi shi yadda ya kamata ba. Tashoshin sola kuwa, ƙa'idar lokacin ba ta ba su aikin daidaita matsi ba, alhali inbatocin zamani suna iyawa. Bayan duhun ne aka sabunta ƙa'idar. Kamfanoni da hukumar layi suna ta jifan juna da laifi, amma babu wanda ya iya nuna cewa rana ce ta yi abin da ba a san za ta yi ba.

Abin da Kudancin Ostireliya ta yi

Jihar da aka fara da labarinta ba da sa'a ta tsira ba. Ta sha wuya kafin ta koyi darasi. Ranar 28 ga Satumba 2016 guguwa ta kayar da manyan turaku, wasu tashoshin iska suka janye saboda saitin kariyar da hukumar kula da layi ba ta san da shi ba, layin da ya haɗa jihar da Biktoriya ya yi nauyi ya yanke, jihar baki ɗaya ta shiga duhu. 'Yan siyasa a Canberra suka ce ga sakamakon dogaro da iska da rana. Injiniyoyi kuwa suka sauya saitin, suka shiga gyara.

A Disamba 2017 aka ƙaddamar da katafaren batir na Hornsdale mai megawat 100, wanda ke amsa tangarɗar bugu cikin ƙasa da daƙiƙa. A 2021 aka kafa manyan injina huɗu a Davenport da Robertstown, masu juyawa ba tare da ƙona mai ba, aikinsu kawai su ba layi nauyin da tashoshin kwal suke bayarwa a da. Daga Satumba 2020 aka wajabta cewa duk sabuwar solar kan rufi ta kasance ana iya dakatar da ita daga nesa in an shiga halin gaggawa, kuma a Maris 2021 aka yi amfani da wannan iko karo na farko, na ɗan lokaci. A ƙarshen 2021 sabuwar ƙa'idar inbata ta fara aiki a ƙasar baki ɗaya: inbata ta jure ƙananan tangarɗa maimakon ta gudu, ta taimaka wajen sauke matsi, ta rage turawa sannu a hankali in ya hau.

Gwaji na gaske ya zo a Nuwamba 2022, lokacin da wata guguwa ta kayar da turke kusa da Tailem Bend, jihar ta rabu da sauran ƙasar kusan mako guda. Babu inda za a tura rara. Aka riƙa dakatar da solar gidaje da tsakar rana, har da ɗaga matsi da gangan a wasu tashoshi domin tsofaffin inbatoci su janye. Hanya ce mai kaushi, kuma masu sola sun yi asarar wutar 'yan kwanaki. Amma layin jihar bai faɗi ba.

Daga nan aka matsa zuwa abin da ya fi wayo. Tun Yuli 2023 sababbin inbatoci a jihar suna iya karɓar saƙo ta intanet daga kamfanin rarrabawa. Mai gida yana da zaɓi: ko a ƙayyade masa tura kilowat 1.5 kullum, ko a bar shi ya tura har kilowat 10 a mafi yawan lokaci, a rage masa a 'yan sa'o'in da layin titinsa ya cika. An kuma sauke kuɗin layi daga ƙarfe goma na safe zuwa uku na rana, domin mutane su mayar da dumama ruwa da wanki zuwa lokacin da wuta ta yi yawa. A Yuli 2025 gwamnatin tarayya ta fara biyan kusan kashi 30 cikin ɗari na kuɗin batirin gida, domin rarar rana ta kwana a gida ta yi aiki da dare.

Babu sihiri a cikin jerin nan. Aunawa ne, da ƙa'ida, da saiti, da farashin da ke nuna wa mutane lokacin da ya dace. Ƙasar da kusan gida ɗaya cikin uku yake da sola, sama da rufi miliyan huɗu, ta nuna cewa layi yana iya koyon tafiya ta hanya biyu.

Hujjar da ta fi ƙarfi, da inda ta karkace

Masu neman a taka wa sola birki suna da hujja guda da ba za a yi watsi da ita ba, kuma ba ta injiniya ba ce, ta adalci ce. Waya da falwaya da taransifoma kuɗinsu ba ya raguwa don wani ya rage sayen wuta. Mai hali ya ɗora sola, ya daina biyan kaso mai yawa, amma yana nan jingine da layi da dare da ranar hadari. Kuɗin da ya bari sai ya koma kan ɗan haya da talakan da ba shi da rufin kansa. Wannan gaskiya ce, kuma mai son sola da ya kawar da kai daga gare ta bai yi wa talaka adalci ba.

Pakistan ta nuna yadda abin yake in ya yi tsanani. Farashin wuta ya yi tashin gwauron zabi, galibi saboda kuɗin da gwamnati ta yi alkawarin biyan tashoshi ko sun samar da wuta ko ba su samar ba. Faifan sola daga Sin kuma suka yi arha. A 2024 kaɗai ƙasar ta shigo da faifan da ƙarfinsu ya kai kimanin megawat 17,000. Masu masana'antu da manoma da magidanta suka juya wa layi baya da rana, nauyin bashin tashoshi ya ƙaru a kan waɗanda suka rage. A Maris 2025 kwamitin tattalin arziki na majalisar ministoci ya amince a sauke farashin wutar da gidaje ke sayar wa layi daga kusan rupi 27 zuwa 10, surutun jama'a ya sa aka jingine batun a lokacin, sannan kasafin kuɗin shekarar ya ɗora harajin kashi 10 cikin ɗari kan faifan da ake shigowa da su.

To amma mene ne ciwon, mene ne maganin? Ciwon shi ne kwangilolin da aka sa wa hannu shekaru kafin sola, da asarar wuta a layi, da kuɗin da ba a iya karɓowa. Mutane sun gudu ne daga wuta mai tsada wadda ba ta tsayawa. Tsananta wa mai sola ba ya mayar da shi layi. Batir yake sa shi saya, ya yanke hulɗa gaba ɗaya, ya bar talakan da ake cewa ana karewa da kaso mafi nauyi. Adalci yana nan a fili ga mai nemansa: kowa ya biya kuɗin jingina da layi gwargwadon girman abin da yake buƙata daga gare shi, wutar tsakar rana a saye ta da arha domin ta yi yawa, ta magariba a saye ta da tsada domin ita ake nema. Wannan lissafi ne da za a iya yi a bainar jama'a. Abin da ba shi da kyau shi ne a lulluɓe matsalar kuɗi da rigar haɗari, a ce taransifoma ake tsoro alhali aljihu ake karewa. Kamfanin da ya ce layinsa ya cika, to ya fito da ma'aunin titin, sa'a bayan sa'a. In ba shi da ma'aunin, bai san ya cika ba.

Gemun maƙwabci

Najeriya ba Ostireliya ba ce, kuma kuskure ne a kwafo tsoronta kai tsaye. Mafi yawan solar Kano da Kaduna da Abuja ba ta tura komai zuwa layi. Batir take cikawa, domin layin da za a tura wa wutar sau da yawa ba ya nan. Amma guguwar da ta kaɗa a Pakistan tana kaɗawa a nan. An cire tallafin mai a Mayu 2023, janareta ya zama kayan masu hali. A Afrilu 2024 kuɗin wutar rukunin A ya tashi zuwa naira 225 kan kowane ma'auni. A Oktoba na wannan shekara yawancin Arewa ya shafe sama da mako cikin duhu bayan lalacewar manyan layuka. Duk wanda ya zaga kasuwar kayan wuta ya san inda jama'a suka dosa.

Haɗarin da ya fi kusa a nan shi ne na uku. Inbata mai arha da ba a san ƙa'idar da aka ƙera ta a kai ba, da mai haɗin da ya koyi aiki da ka, da gidan da ba a sa masa makunnin da ke raba wutar gida da ta layi ba: waɗannan ukun in sun haɗu, wuta tana iya komawa waya a lokacin da ma'aikaci ko yaron unguwa yake riƙe da ita. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa sau da yawa a yini, damar wannan kuskure ta ninka ta ƙasashen da ba ta ɗaukewa. Sannan inbatocin da ake sayarwa yau da yawansu suna iya tura wuta waje, saiti ɗaya ne tsakani. Ranar da aka buɗe ƙofar sayar wa layi wuta, dubbansu za su shigo da saitin da kowa ya ga dama, a kan taransifomomin da ba a taɓa auna su ba. Labarin Jamus ke nan, ba tare da aljihun Jamus ba.

Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa hukumominsu na kula da wuta, don haka uzurin jiran Abuja ya ƙare. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin kowace jiha ba: jerin inbatocin da aka yarda a haɗa da layi, da saiti guda da aka tsara da tunanin ranar da za su yi yawa, da rajistar masu haɗi bayan jarrabawa, da rajista mai sauƙi kuma kyauta ta kowane rufin da ke da sola, da mitar da ke ƙirga shiga da fita daban, da na'urar aunawa a jikin taransifoma. Duk wannan ya fi arha a yi shi yanzu, da rufin dubbai ne, fiye da lokacin da suka zama miliyoyi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Layin ƙasar da ke kai wa mutane sama da miliyan 200 wutar da ba ta cika wuce megawat 5,000 ba, ba shi da bakin da zai kira rarar wuta barazana. Abin da Adelaide take fama da shi da tsakar rana shi ne abin da asibitin karkara da injin niƙa da shagon walda suke roƙo. In aka wayi gari wata taransifoma ta ƙone a wata unguwa mai yawan sola, za a sami mai fitowa ya ce ga abin da ake gudu. Tambayar da ta dace da shi a ranar gajera ce: yaushe aka auna matsin titin na ƙarshe, wa ya amince da inbatocin, kuma ina ƙa'idar da aka ba masu gidajen suka ƙi bi? Rana tana fitowa a kan lokaci tun kafin a kafa falwaya ta farko. Wanda zuwanta ya ba shi mamaki, shi ne bai yi aikinsa ba.